Safiyar da Goggo Ta Jiƙa Gero

Ƙaurin hayaƙin karan gero da sassafe har yanzu yakan tsayar da ni ko ina cikin sauri. Jiya na shaƙe shi a wani lungu na Tasawa, sai ga ni a gidanmu na ƙauye, yamma da Urafane, ina durƙushe gaban kakarmu da kwantsa a ido.

Tsohuwar nan tana da doka. In ka farka, kada ka sosa kai, kada ka yi zumbur ka miƙe, kwanta shiru har mafarkinka ya dawo maka. Mummuna ne, ka yi tofi ta hagu ka nemi tsarin Allah, ka binne shi a cikinka. Mai kyau ne, ka kawo mata shi bayan sallar asuba, tana hura wuta. Mu yara mun mai da abin kasuwa, wanda bai yi mafarki ba sai ya ƙirƙiro, don takan ba mai labari ɗan ƙanzo. Nan take take gane na ƙarya, ta ce wannan mafarkin da ido biyu aka yi shi. Amma ƙanzon ba ta hanawa.

Kada ka ɗauka duba take yi. Ba ta taɓa ce wa kowa zai yi arziki ko zai hau kujerar Makka ba. Kalmarta ta farko kullum ita ce alheri, sannan ta tambaye ka abin da zuciyarka ta ji lokacin da ka buɗe ido. A wurinta barci ne kaɗai lokacin da mutum ke daina gardama da kansa, shi ya sa Allah kan raɗa masa magana a ciki.

Goggona, ƙanwar babanmu, ɗa guda gare ta. Saurayi ne mai tsiya da ban dariya, wanda tun yana ƙarami bai taɓa shan furar uwarsa bai kushe ta ba: yau yaji ya yi kaɗan, gobe nono ya yi tsami, kuma sai ya lashe ludayin. Wata shekara bayan girbi ya bi motocin arewa masu ƙetare hamada neman aiki. Aka yi damina, aka sake wata, babu shi babu labarinsa. Babanmu da sauran manya suka ce a yi masa sadaka a fawwala wa Allah. Goggo ta ƙi. Ta daina cin abin kirki, ta rame har zaninta na zamewa, duk ƙarar mota sai ta fito ƙofar gida. Mun ji tsoron jiran nan zai kashe ta.

Kowace safiya takan zo wurin kaka da mafarki iri ɗaya: ɗan nata ya shigo, ta dama masa fura, ya kurɓa ya ce ba ta ji citta ba. Kaka ta yi dariya ta ce alheri. Da babanmu ya matsa, sai ta kira shi gefe ta ce masa ya bar zancen sadaka tukuna, uwa ba a yi mata dole a kan ɗanta, kuma akwai wanda ya fi su iya lallashinta. Babanmu ya fita yana gunaguni, amma ko shi bai iya ƙetare maganarta.

Ran nan, farkon damina, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka kwana yi, goggo ta makara a ɗaki. Da ta fito, tafiya take a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ta zauna kusa da murhu.

"Inna, ya taho," in ji ta. "Na dama mishi hura. Ya shanye ta duka."

"Mi ya ce?"

"Bai ce komi ba. Godiya ya yi mini."

Kaka ta kalli wuta, ta ce alheri. Goggo ta yi kuka mai yawa, irin wanda ba ta yi ba tun tafiyarsa. Sannan ta tashi da kanta ta buɗe rumbu, ta ɗebo gero ta jiƙa don gumbar sadaka. Da rana ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Sai bayan kaka ta rasu wani mutumin Mayahi da suka yi tafiyar tare ya kawo tabbacin cewa zazzaɓi ya ɗauke shi a can, kuma an yi masa sutura yadda ya kamata. Ko yaushe ne daidai, Allah ne masani. Abin da na sani, tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ta ceci ran 'yarta da haƙuri da saurare kawai, kuma har gobe ina jinjina mata.

Yau salula ce ke tashinmu, kafin mutum ya yi salati ya riga ya leƙa saƙonni, abin da ya gani a barci ya bi iska. 'Ya'yana ba su san ana kwanciya a jira mafarki ba. Goggo kuwa tana nan da ranta, ido ya tafi, ba ta iya riƙe ludayi. Da na je gaishe ta da sallar bana, na tambaye ta ko har yanzu tana ganinsa.

"Yana tahowa," ta ce. "Yanzu shi ka dama mini."