Halilu Nagoggo da Mutanen Tungar Haladu

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, ina tsaye a tashar Zurmi ina jiran mota ta cika, sai Nadiya, abokiyar aikinmu, ta kira ni. Tun kafin ta gama sallama na ji a muryarta cewa ba lafiya ba. Ta ce Malam Halilu ya cika da hantsi a gidansa na Kaura Namoda, bayan jinyar da duk muka ɗauka zazzaɓi ne mai wucewa. Allah ne Ya ba mu shi, kuma gare Shi ya koma. Ko da na isa Kaura har an dawo daga maƙabarta. Wallahi rashin samun jana'izarka yana ci mini rai har yau, Nagoggo.

Ga wanda bai san shi ba, Halilu malamin makarantar sakandare ne, kuma shi ne jagoran 'yan sa kai na Kaura da Shinkafi da Zurmi masu rubuta maƙaloli a kundin ilimi na Hausa da ke intanet, wanda kowa ke iya karantawa kyauta, kowa kuma ke iya gyarawa. Ba wanda ya naɗa shi. Mun dai waiwaya ne wata rana muka ga duk a bayansa muke tafiya.

Kai ka koya mini aikin nan a kan bencin mai shayi, don nan ne kaɗai sabis ke tsayawa a unguwarku. Na yi ta ɓata shafi kana gyarawa kana dariya, kana cewa yatsuna sun fi dacewa da ƙotar fartanya. Da aka gayyace ka horaswa a Abuja, sai ka ce Nadiya ce za ta tafi, domin ta fi ka buƙata. Mahaifinta ya ƙi. Ka yi ta zarya gidansu, ka zauna a zaure kana gaisuwa kana lallashi, har tsohon ya gaji ya ce ta tafi ko ya huta da ganinka. Yau ita ke koyar da matan da ke rubutu tare da mu, kuma ba ka taɓa ambaton wannan a gaban kowa ba.

Kana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa mu. A wurinka maƙala ba ta gamu ba sai an koma wurin mutanen da aka rubuta a kansu, an karanta musu ita da baki, sun ce haka ne. Kafin nan ba a ɗora ta. Ni kuwa ni ke rubuta rahoto ga ƙungiyar da ke tallafa mana da data, su kuma lissafi suke so: maƙala nawa, hoto nawa, mutum nawa suka buɗe shafi. Wasu garuruwan suna zuba maƙaloli kamar ruwan Agusta, mu kuma kullum a ƙasan gasar da ake yi tsakanin garuruwa. Haba, Nagoggo! Na sha cewa za a ɗauka barci muke yi. Kai kuwa sai ka kaɗa kai ka ce, "Hafizu, hatsi da mudu aka auna shi, amma tuwo sai an tambayi wanda yac ci."

Har yanzu ina nan a kan cewa lissafi yana da ranarsa, ka kuma san ban taɓa ɓoye maka ba. Amma ina tare da kai ranar da muka koma Jangeru a kan tsohon babur ɗinka, muka karanta wa makiyaya abin da aka rubuta a kan burtalinsu da mashayarsu, wani saurayi yana mayar musu da Fulatanci. Da aka gama, wani dattijo ya tashi ya fice. Muka ɗauka haushi ya ji. Ashe 'ya'yansa ya je ya kirawo, ya zaunar da su, ya ce a sake tun daga farko. A hanyar dawowa ka yi ta waƙe-waƙe da muryar nan taka marar daɗi, har muka iso Shinkafi.

Aikinka na ƙarshe shi ne Tungar Haladu, wani ɗan ƙauye a bayan Dauran da mutanensa suka watse saboda 'yan bindiga. Ba ya cikin taswira, ba ya cikin littafin kowa. Ka ce idan tsofaffinsa suka ƙare ba a rubuta ba, shi ke nan, kamar ba a taɓa noma gero a wurin ba. Wadda ta fi kowa sanin garin ita ce Inna Rekiya, tsohuwa mai rauni da ke zaune a Kaura a gidan jikarta. Ka yi ta zuwa wurinta da goro, tana ba ka labarin wanda ya sari wurin, da rijiyar da aka haƙa shekarar fari, da sunayen gonaki, da tsamiyar da ake ɗaurin aure a gindinta. Ka rubuta, ka turo mana, ka ce bayan salla za ka je ka karanta mata. Ciwo bai bar ka ba.

A wurin zaman makoki wasu daga cikinmu suka ce a ɗora maƙalar yadda ka bar ta, kada a taɓa ko harafi ɗaya, ta zama abin tunawa da kai. Ba su faɗi haka don mugunta ba, ƙauna ce. Nadiya ta share hawaye ta ce Malam bai taɓa ɗora abin da ba a karanta wa masu shi ba, ba kuma za a fara a kan nasa ba. Ga kuma Inna Rekiya jikinta ya ƙi daɗi, jikarta ta ce kwanan nan ko fura da ƙyar take sha. Muka ga idan muka yi jinkiri za mu rasa ta kamar yadda muka rasa ka.

Bayan addu'ar bakwai muka je, ni da Nadiya. Muka iske ta a kan tabarma, jingine da bango. Labarin rasuwarka ya riga mu isa. Ta daɗe tana yi maka addu'a, sannan ta dube ni ta ce, "Ɗana, karanta in ji."

Na buɗe waya na fara. Na karanta wanda ya sari garin, ta ce haka ne. Rijiya, haka ne. Da na zo kan gonaki sai ta riƙa riga ni faɗin sunayensu, idanunta a rufe, tana murmushi. Har na iso layin ƙarshe, inda ka rubuta cewa a yau Tungar Haladu ta zama kufai, babu kowa a cikinta.

Ta buɗe ido. "Mi kac ce?"

Na maimaita.

"Wa yac ce babu kowa? Maigidana na can. Ɗiyana biyu na can, da uwata, gabas da tsamiya suna kwance. Su ba mutane ba ne? Mu munka gudo, su ba su gudu ba. Gari da masu shi, ɗana. Gyara."

Nagoggo, wannan shi ne layi na ƙarshe da hannunka ya rubuta a duniya, kuma ni aka ce in goge. Nadiya tana kuka a gefe, tsohuwa tana jira. Na san da kai ne a kan tabarmar nan, da tuni ka ba ta haƙuri ka goge. Sai na yi bisimilla na goge. Muka rubuta cewa rayayyun Tungar Haladu suna gudun hijira a Kaura da Zurmi, magabatansu suna kwance a maƙabartar da ke gabas da gari, kuma masu garin suna da niyyar komawa. Na karanta mata. Sai ta ce, "Yanzu kam haka ne." A gabanta muka ɗora ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Malama Zuhura, da 'ya'yanka, da Goggon da ta raine ka har sunanta ya bi ka, da ɗalibanka, da dukan 'yan sa kai na Kaura da Shinkafi da Zurmi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya shirya abin da ka bari.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Halilu, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya ilimin da ya yaɗa ba don lada a wurin mutum ba ya zama sadaka mai gudana gare shi. Ka jiƙansa tare da waɗanda ke kwance gabas da tsamiyar Tungar Haladu. Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, Ka ara wa Inna Rekiya kwana har ta koma gida wurin mutanenta. Amin.

Hafizu, Zurmi