Kyanwoyin Yumɓu na Ya Falmata

A damina ta ƙarshen shekarun casa'in, ina aji huɗu a lakwal, wata Talata mahaifina ya dawo daga kasuwar Diffa da ƙullin leda mai baƙin gari a ciki. Ya miƙo mini ya ce, "Hadiza, cuɗa wannan da ɓarɓashin banda ki ajiye a ɗakin tattasai." Maganin ɓera ne. Ɓeraye sun huda masa buhunan da ya sha wuya a kansu a bakin kogin Komadugu, ransa a ɓace yake. Ni kuwa da rawar kaina na cika kwanoni uku, har ina jin kaina babbar mace.

Kyanwoyin unguwarmu ba na kowa ba ne, amma kowa ya san su. Su kwana a rumfar wannan, su haihu a madafar wancan, su saci kifin kowa ba bambanci. Wadda ta fi kula da su ita ce maƙwabciyarmu Ya Falmata, tsohuwa Babarbariya mai ginin tukwane. Kullum muka ɗebo mata yumɓu daga kogi, sai ta ware ɗan curi ta gina kyanwa, kowace da kamanninta: ga Mai Kunne Ɗaya, ga Hajiya da ba ta cin tuwo sai kifi, ga muzurun da muke kira Kwamandan don tafiyarsa ta isa. Ta jera su a kan katangarta ɗanyu, in ruwa ya ɓata su ta sake shafawa. Ba ta gasa ko ɗaya sai ranar da mai kamannin ta mutu. Takan ce, "Mai rai ba ta shiga wuta, 'yata. Wadda ta tafi ake gasawa don kar a manta da ita."

Abin da ban yi tunani ba, ƙofar ɗakin tattasai tana da ɓula a ƙasa, kuma ita Ya Falmata ce ta sa aka yi ta tun da daɗewa don kyanwoyi su riƙa shiga farauta. Na san da ɓular sarai. Ban toshe ba, don ina sauri in je wasan gaɗa.

Da safe aka fara tsintar gawarwakin kyanwoyi, ɗaya a gindin darbejiya, biyu a bakin famfo. Kafin azahar sun kai tara. Kwamandan ya ja jiki har ƙofar Ya Falmata, nan ya ƙarasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta sauko da kyanwoyin yumɓu guda tara daga katanga, ta ce in taya ta tara kashin shanu na gashi. Na tara, na tsaya kusa da ita har wuta ta ci ta cinye. Daga ranar ba ta ƙara gina kyanwa ba, sauran ɗanyun kuma ruwan sama ya narkar da su.

Yanzu gidanta ya zama shagon bulo, kogin ma ba mai zuwa ɗiban yumɓu da kwanciyar rai. Kyanwoyin da nake gani a unguwar ramammu ne, ba wanda ya san sunansu. Ya Falmata ta rasu ban faɗa mata ba. Kwamandan ɗin da ta gasa yana kan tagata, ni ta bai wa da hannunta, wai don na fi kowa taya ta aiki.