Yatsun Mama da Na'urar Fasfo

Mun bar gidana a Kafanchan da asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da Mama da jakar takardu da ta rungume kamar jariri. Matan zumunta na cocinsu a Kwoi, ƙasar Jaba, ne suka zaɓe ta zuwa Urushalima, matar da ko a Abuja ba ta taɓa kwana ba. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: kafin Lahadi ta kai wa fasto shaidar an ɗauki hotonta da zanen yatsunta na fasfo, in ba haka ba kujerar ta koma hannun wata. Ranar Alhamis aka ba mu a Kaduna. Ni na cike mata fom a waya, saboda haka murnata ta kusa fin tata.

A tashar Kafanchan kuɗin mota ya hau sosai. Mama ta tsaya ciniki da ɗan kamasho har ya ce ta ji tsoron Allah, ba buhun citta yake sayarwa ba. Muka samu kujerar taga. Rana na leƙowa ta bayan duwatsun Kagoro, ni kuwa ina kallonsu ina tunanin ko na can ƙasar ma haka suke da safe.

Daga Zonkwa zuwa Kachia, citta ce a shanye ko'ina, bakin titi da kan duwatsu, ƙamshinta na shigo mana mota. Mama ba ta bar shanya ɗaya ta wuce ba sai ta yanke mata hukunci: wannan an tsaga ta da kauri, waccan za ta yi baƙi. A Kachia muka sayi ƙosai da soyayyar doya mai yaji. Ta ƙi taɓawa, wai kada mai ya ɓata mata hannu kafin a ɗauka.

Muka isa ofishin fasfo kafin rana ta yi zafi. Wurin hoto aka ce ta tura ɗankwali baya kunnuwa su fito, kuma ban da murmushi. Wannan na biyun ya ba ta wahala ƙwarai.

Sai aka zo kan yatsu. Ta ɗora, na'ura ta nuna ja. Ta sake, ja. Na kama hannun na duba. Wata biyu cur tana tsaga citta da wuƙa, kuma haka take yi kowace shekara tun kafin a haife ni. Kan yatsun ya yi sumul, zanen ya goge.

"Wannan abu bai san ni ba," in ji Mama a hankali. "'Yata, ko mu koma gida?"

Jami'ar da ke kula da na'urar ta karɓi hannun ta juya shi. "Mama, daga Jaba kike ko?"

"Wa ya gaya miki?"

"Hannun masu citta ai na san su. Shafa yatsun a gefen hancinki su ɗan yi maiƙo. Kuma kar ki danne, ba turmi ba ne."

Mama ta shafa, ta ɗora a hankali. Kore! Na baya a layi suka fara miƙa wuya. Haka aka bi su har tara. Babban yatsan dama, wanda ke tare bakin wuƙa, shi ya ƙi. Sau shida ana gwadawa, ina addu'a a zuci. A na bakwai hasken ya koma kore. Mama ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ofis, wani dattijo ya ce amin, jami'ar ta rufe baki tana dariya.

A hanyar dawowa ta ci doyar da ta huce tas. Muka shiga Kafanchan da yamma, ta wuce Kwoi a kan babur, takardar shaidar na ninke cikin Littafi Mai Tsarki.

Na koyi cewa mai noman citta ya nemi ranar fasfonsa kafin kaka, ko ya huta da wuƙa 'yan makonni. Na kuma gane ban taɓa kallon hannun mahaifiyata da kyau ba sai ranar. Da shi aka kai ni jami'a, kuma saura ƙiris aikin da ya yi ya hana ta zuwa Urushalima.