Ƙwallayen Dabinon Abu Ƙanƙara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko shayi ban kai bakina ba, aka kira ni wai Abu Ƙanƙara ya rasu.



In ba ɗan unguwarmu ta Zahir ba ne kai, nan ƙasa mai tsarki, da wuya ka san shi. Yusuf ne sunansa, Bature ɗan Kanada, ƙato, babu haƙoran gaba. Sana'arsa ta ƙuruciya hoki ce ta kan ƙanƙara, wasan nan da ake zamiya da takalma masu ƙarfe ana bin ƙwallo da sanda. Ya ce shi rabin aikinsa a kulob ɗin dambe ne: wanda duk ya taɓa ɗan wasansu, shi ake tura masa. Da gwiwoyi suka gaza sai ya koma fim. Kullum mugu yake fitowa, kullum sai an kashe shi kafin a tashi. Daga baya ya musulunta, ya auri 'yar unguwarmu, ya zama namu.

Ranar Arfa, ina tuƙa bas ina tsine wa zafi, sai in hango shi da ƙaton dutsen ƙanƙara a kafaɗa zai kai inda ake sanyaya wa alhazai ruwa. In ka ce ya huta sai ya washe giɓin nan: "Ni da ƙanƙara tsohuwar sanayya ce, ya akhi."

Shi ya tura Hajiyata a keken marasa lafiya tsakanin Safa da Marwa, da waɗannan gwiwoyin nasa. Ban roƙe shi ba.

Amma dukan da ya sha a ka bai bar shi ba. Mutumin da a da yake haddace maganar fim shafi-shafi ya zamo ba ya iya riƙe ƙirgen ɗawafi. Sai ya kai zagaye na huɗu ya tsaya cak, ido ya cika da ƙwalla. Abin yana cin ransa ƙwarai.

Ni na ba shi dabarar ƙwallayen dabino bakwai. Duk zagaye ɗaya, ya ciro ɗaya daga aljihun hagu ya mayar na dama. Wani lokacin ko hakan mantawa yake yi, sai na taɓa masa hannu. Shi ya sa duk Alhamis bayan La'asar tare muke zuwa ɗawafi.

Jiya Alhamis ya zo ƙofata yana kaɗa aljihu. "Yalla, mu tafi, Sani."

Ni kuwa tun aikin Hajji bayana bai koma daidai ba. Ko tashi zaune ban yi ba, na ce, "Bukra, sai gobe, Abu Ƙanƙara. Wallahi na gaji."

Ya yi dariya ya ce, "Halas, shi ke nan, huta abinka. Ai malamaina suna aljihu."

Shi kaɗai ya tafi. Cikin ɗawafin ya yanke jiki ya faɗi, aka kai shi asibiti, da gari ya waye ya cika.

Ɗazu yayan matarsa ya miƙo mini jallabiyarsa. Na sa hannu a aljihu. Biyar a dama, biyu a hagu.

Bai manta ko ɗaya ba, jama'a. Shi kaɗai ya ƙirga har biyar.

Na san ajali ne, don Allah kada kowa ya rubuto mini haka a ƙasa. Na sani. Amma kafaɗata ce ya kamata ya faɗo a kai, ni kuwa ina kwance ƙarƙashin esi.

Bayan La'asar za a yi masa salla a Harami. In an gama zan mayar da bakwai ɗin aljihun hagu, in zagaya ina roƙa masa.

Ya Allah Ka gafarta wa Yusuf, Ka yafe masa dukan da ya yi, Ka sa wanda ya sha ya zama kaffara. Ka karɓi biyar ɗin nan, Ka cika masa biyun da rahamarKa.

Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni.