Baba Ya Maimaita Aji

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumi, da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, aka zauna a tsakar gidana da ke unguwar Zariya. Waɗanda suka halarta su ne mahaifiyata Inna, da yayana mai shagon atamfa a Sabon Gari, da wani tsohon malami da ya ɗauko a babur daga Tibiri, sai ni. Matata ta ce ba ta cikin taron, amma ta zauna kusa da turmi, kuma har aka tashi ba ta daka komai ba. Wanda aka taru a kansa, ɗana mai wata bakwai, yana cinyar Inna yana tsotsar yatsan ƙafarsa.

Ƙarar da yayana ya shigar ita ce, Inna ta ce yaron nan Babanmu ne ya dawo.

Baba manomi ne a wani ƙauye bayan Jiratawa, kuma a kan al'adar kakanninsa ya mutu. Bai taɓa sa goshi a ƙasa ba. Duk faɗuwar damina yakan yanka jan zakara a gindin tsamiyar gonarsa. A shekarar yunwa kuwa shi ya buɗe wa rabin ƙauyen rumbunsa, har da limamin. Inna ta fara salla ne da tsufanta, bayan mu ƴaƴanta mun shigo gari. Wata tara da rasuwar Baba aka haifi ɗana da baƙin tabo a kafaɗar hagu, daidai inda ƙotar hauya ta yi wa Baba kanta.

Mun daɗe ba mu gane ba. Kowace kaka tana kiran jikanta mijinta, ta yi masa tsiyar rashin cefane. Inna ba ta taɓa yi masa tsiya ba. Da safe takan durƙusa ta gaishe shi. In an dama fura sai ta ɗiga masa a leɓe kafin kowa ya sha. In ladan ya fara kira, ta saɓa shi ta fita ƙofar gida, ta juya kunnensa wajen lasifika. Muna ta cewa tsohuwa ta iya wasa, har ranar da matata ta ji ta tana ce masa, "Wannan karon kada ka yi taurin kai."

Ni ma ina da kaso a ciki. A gidan rediyo nake aiki, kuma ni ke karanta tambayoyin masu sauraro a shirin addini na Juma'a. Makonni kaɗan bayan an rufe Baba, wani ya tambayi makomar wanda ya mutu ba ya salla. Baƙon da muka gayyato ya gama da shi cikin daƙiƙa arba'in, har da bayanin zafin wutar. Na ce madalla, mun gode, aka sa tallar sabulu. Inna ba ta barin shirin da nake ciki ya wuce ta. Kwana uku ba ta ci tuwo ba.

Yayana ya buɗe taron da dogon bayani. Ya ce wannan magana ce ta jahiliyya, kuma tana zubar masa da mutunci a sahun gaba.

"Kai da ka sare masa tsamiya tun ba a yi arba'in ba," in ji Inna, "dube shi ka faɗi abin da za ka faɗi."

Ta juyo da yaron. Yaron ya saki ƙafar, ya haɗe gira. Yayana ya ƙarasa jawabinsa yana kallon bango.

Malam ya nemi ganin kafaɗar. Ya duba da tabarau, ya cire ya sake dubawa.

"Tabo ne," ya ce. "Inna, wanda ya tafi ba ya dawowa. Haka muka karanta, kuma haka yake."

Yayana ya gyara zama kamar wanda ya ci shari'a.

"To yana ina, Malam?" in ji Inna.

"Ba a ba ni wannan labarin ba."

"Amma Allah gafarta malam," in ji yayana, "ai an faɗa a rediyo."

"Na rediyo ya fi ni sauri."

Inna ta nuna ni da haɓa. "Wannan da kuke gani yana wa mutane magana da ƙwalisa, sau biyu ya faɗi jarrabawa a lakwal. Sau biyu darakta ya ce ya maimaita aji, bai kore shi ba. Darakta ya fi Allah tausayi ne? Wa ya ba ubansu geron da ya raba? In ba Ya son shi, don mi Ya ba shi?"

Daga wajen turmi aka ji tari. Shekara shida da aurenmu, matata ba ta san zancen jarrabawar ba.

"Kai mai labaru," Inna ta ce mini, "faɗi. Ubanka na wuta?"

Na shekara goma sha ɗaya ina magana a rediyo ba tare da muryata ta yi rawa ba. Na lalubi abin da zan ce, ban samu komai ba sai kalmomin da nake aiki da su.

"Inna, ba mu samu tabbacin wannan labari daga wata majiya ba."

"Amma ka karanta shi."

"Na karanta."

Malam ya naɗe tazbaharsa. Ya nuna ni, ya ce yaro dai ɗan wannan ne, ba uban kowa ba. Ya ce wa Inna mijinta kuwa ta bar shi a hannun Wanda ya fi ta son shi, don rahamarSa ta fi ƙarfin lissafin malamai, balle na darakta.

"Sallar fa?" in ji Inna. "In koya wa yaron?"

"Koya masa. Salla ba ta taɓa ɓata yaro ba."

Inna ta yi godiya, ta ce dama abin da take son ji ke nan. Yayana ma ya ce abin da yake son ji ke nan. Aka kawo tuwo, ta ci malmala biyu.

Yaron ya fara salla yana shekara shida, a kan ƴar darduma da yayana ya kawo ba tare da an roƙe shi ba. Inna ta zauna a bayansa ta ƙirga raka'o'in. Da damina ta gaba ta rasu. Yanzu shekarunsa goma sha biyu, ya tsani noma, kuma in ya shiga shagon Sabon Gari yayana yakan sauke ƙafa daga kan benci, kamar yadda yake yi wa Baba a da.