Kwana tara da na gani na kau da kai

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ban ce uffan ba a nan. Masu tambayata sun ji cewa ni da mahaifiyata mun kwanta asibiti. Abin da ba su ji ba shi ne ni na kwantar da mu.

Inna ta zo mini daga Argungu da tsarabar fura, dakan hannunta. Babu nono a gida, sai wata robar yogot da ta daɗe a firij, ga wuta kullum a ɗauke. Na duba jikin robar, kwanan watan ƙarewarsa ya wuce da kwana tara. Da idona na gani.

Na shinshina, na ɗanɗana, na ce ai mu da muka tashi da nono mai tsami, wane rubutun kamfani ne zai tsorata mu? Ƙyashin fita cikin rana daga unguwarmu Gwadangaji zuwa kasuwa ne kawai, ba wani abu ba. Na dama mana, Inna ta sha har da ƙari.

Kafin la'asar cikina ya fara murɗawa. Washegari amai da gudawa, mu biyu muna layin banɗaki. Ni ina iya tashi, Inna kuwa ko kofi ba ta iya riƙewa. Maigidana ya kwashe mu a Keke Napep sai asibiti.

Aka ɗebi jini, aka karɓi bayan gida, aka maƙala mana ƙarin ruwa. Sai da nas ta soki Inna sau huɗu kafin ta sami jijiya. Kwana uku aka sallame ni. Ita kuma likita ya ce ruwan jikinta ya ƙare har ƙoda ta fara gazawa. Sai da maigidana ya sayar da shinkafar da muka ajiye ta ci don biyan kuɗin asibiti.

Likita ya tambaya, "Me kuka ci?"

Inna ta riga ni. "Hurata ta, likita. Ni nak kawo ma ɗiyata ciwo."

Na bar ta ta ɗauki laifin. Kwana goma sha ɗaya ina zaune gefen gadonta ina auna fitsarinta a roba, duk wanda ya zo dubiya tana ba shi haƙuri a kan furarta. Tsoro da kunya suka hana ni buɗe baki.

Ranar da aka ce ƙodar ta farfaɗo, na durƙusa na faɗa mata komai. Sai ta tambaye ni:

"Kin ga rubutun?"

Na ce na gani.

"To ni da ban iya karatu, wa ka duba min in ba ke ba?"

Ta yafe mini tun kafin mu bar asibiti. Ni ce har yau ban yafe wa kaina ba.

Alhamdu lillah, ta koma gida, tana tafiya da sanda. Na gode wa ma'aikatan jinya da duk wanda ya yi mana addu'a, Allah ya saka da alheri.

Don Allah ku riƙa duba kwanan wata kafin ku buɗe abu. In ya wuce, ko wuta ta daɗe a ɗauke, ku zubar, hanci da harshe ba sa gane komai. In amai da gudawa suka kama tsoho, kada ku jira gobe. Kuma ku faɗa wa likita gaskiya tun ranar farko, kada ku bar tsohuwa tana neman gafarar laifin da ba nata ba.