Dakta Mas'uda da Jarrabawar Rumfar Wake

Kowace safiya, tun masu koko ba su tashi ba, Dakta Mas'uda Idrisu takan tsaya a bakin titin Nima tana jiran trotro, wato ƙaramar motar haya, jakar littattafai a kafaɗa, 'yar kula a hannu. Yaran mota sun yi imani cewa wasu halittu ne na ɗakin bincike a cikin kular, saboda haka babu mai matsa mata a kujera. Abincinta ne na rana. Ba ta taɓa gyara musu zaton ba.

A jami'a, aikinta koyar da ɗaliban digiri na biyu ilmin gyaran ƙwayoyin gado, wato yadda ake yanke wani gurbi a cikin saƙon da ɗa ke gada daga iyaye, da almakashin da masana ke kira CRISPR, a gyara ko a musanya. Bana za ta ajiye aiki. A unguwa kuwa an fahimci sana'arta gwargwadon buƙata. Alhaji Sumaila, dillalin albasa a kasuwar Agbogbloshie, ya taɓa jawo mata rago ana jibi Layya don ta ƙara masa girma. Ta ba shi kujera, ta yi masa bayani har ragon ya cinye mata shukar ƙofar gida, sannan ta shawarce shi da dusa.

Tana da doka guda wadda ba ta cikin tsarin jami'a: ba ta sa hannu a kundin ɗalibi sai ya je rumfar Hajiya Ƙaltume, mai shinkafa da wake a Maamobi, ya bayyana bincikensa masu cin abinci sun gamsu. Na ga ɗaliban da suka fuskanci farfesoshi ba gezau suna zufa a gaban wannan tukunya.

Ni, Ukasha, bincikena a kan waken da ƙwaro ba ya hudawa ne, kuma in ba ta sa hannu kafin ƙarshen zango ba, gurbin da aka ba ni na digiri na uku ya tafi. Ni mutum ne da kan wuni yana tunanin makomar ɗan Adam, amma ban taɓa tunanin yadda ake magana da mai jin yunwa ba. Zuwan farko na yi jawabi mai zurfi. Da na gama, Hajiya ta ƙara mini ƙwai kyauta, irin wanda ake ba maras lafiya.

Zuwa na biyu na yi misali da tela da almakashinsa, sai kawuna suka fara gyaɗawa. Nan Hajiya ta ajiye ludayi.

"Ɗana, waken da ƙwaro ya ƙi ci, shi zan dafa ma mutane?"

Alhaji Sumaila, da yake kan benci, ya ɗora tasa: tun da ana gyara, a cire wa wake kumburin ciki mana, don yana shan kunya a sahun masallaci. Na amsa da cikakken ƙarfin gwiwa cewa wakena ba shi da wata illa ko kaɗan. Dakta, da take zaune a gefe tana saurare, ta mayar da marfin alƙalaminta, ta yi wa Hajiya sallama, ta tafi ta bar ni da kundina.

Na yi kwanaki ina zargin duniya. Daga bisani na lura cewa ƙwaro na gwada, ban gwada ciki ba. Zuwa na uku na ce: "Hajiya, na san yana hana ƙwaro. Ko ya dace mutum ya ci, ban sani ba tukuna, sai an gwada."

"To, yanzu ka yi magana," in ji Hajiya. "In an gwada, ka zo."

Dakta ta sa hannu a kan bencin nan. Har yau akwai tabon man yaji a shafin farko.

Dakta, ke ce kika koya mana cewa wanda aka danƙa wa almakashin halitta, tilas bakinsa ya iya furta "ban sani ba" a gaban waɗanda za su ci abin da ya yanka. Uwar masu yanka da hankali, kin yaye ɗalibai masu aiki kan rogo da sauro da ciwon sikila, kuma kowannensu ya san hanyar Maamobi.

Mun gode, Allah Ya sa ki huta lafiya. Malaman da ke baya, ku nemi rumfarku, ku kai ɗalibanku inda ake tambaya ba kara. Ni kam na ɗauki tambayar Hajiya zuwa digiri na uku. Ta Alhaji Sumaila tana nan tana jiran mai ɗauka, kuma mutanen sahun bayansa sun roƙe ni in ce a hanzarta.